Baƙin Man da Ke Ƙaruwa da Kansa

Wani malamin firamare daga ƙasar Katsina ya aiko mini da doguwar wasiƙa, ga abin da ta ƙunsa a taƙaice. Yana da tsohon babur Honda CG125 wanda ya gada daga mahaifinsa, kuma a kansa yake zuwa makarantar ƙauyen da yake koyarwa kullum. Tun ƙarshen damina babur ɗin ya fara yoyon baƙin mai. Bakanikensa ya canza gaskit sau biyu, ya canza sil, wato robar da ke hana mai fita, na wajen sarƙa, amma da an toshe nan sai yoyon ya ɓulla can. Zauren da yake ajiye shi ba ya rabuwa da warin fetur, har maiɗakinsa ta fara ƙorafi, domin a bakin zauren take hura gawayi. Da safe sai ya gaji da buga kik kafin babur ya tashi, idan ya tashi kuma sai baƙin hayaƙi. Yanzu bakanike ya ce sai an sauke inji an sa sabon fistin da ringi, kuɗin aikin ya fi albashinsa na wata guda, 'yan'uwansa kuma suna cewa ya sayar kowa ya huta. A ƙarshen wasiƙar ya ƙara da cewa abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, duk da wannan yoyo, idan ya duba geji, wato sandar auna baƙin mai, sai ya ga baƙin man bai ragu ba, wani lokaci ma ya haura inda ya bar shi.

Malam, amin wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya kai haske kabarinsa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a cikin duk abin da ka rubuta, maganar da ka ajiye a ƙarshe a matsayin abin mamaki ita ce ta fi kowace nauyi a wurina. Ruwa ba ya tsami banza. Inji yana iya ƙona baƙin mai, yana iya zubar da shi, amma ba shi da hanyar ƙara shi. Idan inji yana ɗiga a ƙasa kullum kuma gejinsa yana hawa, to akwai abin da yake shiga cikinsa yana cike gurbin abin da ya zube, kuma tun da naka injin iska ce take sanyaya shi, ba shi da lagireto balle a zargi ruwa, abin da ya fi kusa da zato shi ne fetur. Warin da ke zaure, da wahalar tashi da safe, da baƙin hayaƙin farko, duk suna nuna wuri ɗaya.

Kafin kowane bayani, akwai abin da ba zai jira gobe ba. Ka fitar da babur ɗin daga zaure yau, ka ajiye shi a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da janareta da wurin wasan yara. Tururin fetur ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama ya ɓace kamar hayaƙi, kwanciya yake yi a ƙasa yana bin daɓe, kuma yana iya kaiwa ga garwashin da ke nesa da babur ɗin da taku da yawa, wuta ta biyo shi ta dawo. Maiɗakinka ta fi kowa gaskiya a wannan magana, kuma ya kamata ka gaya mata hakan. Na biyu, ka daina hawa babur ɗin har sai an juye baƙin man da ke cikinsa. Na san makaranta ba ta jira, amma kwana biyu na kuɗin mota sun fi sauƙi a kan injin da ya buga a tsakiyar hanya.

Ga yadda fetur yake kaiwa inda bai kamata ya kai ba. A irin wannan babur babu famfon da ke tura fetur. Tanki yana sama, kafireta tana ƙasa, nauyin fetur ɗin kansa ne yake gangaro da shi ta tiyo. Ƙofofi biyu ne kawai suke tare shi. Ta farko ita ce makullin mai da ke ƙarƙashin tanki, mai rubutun ON da OFF da RES. Ta biyu tana cikin kofin kafireta, wato wata 'yar allura mai kan roba wadda fulot yake ɗagawa ta toshe ƙofar idan kofin ya cika, kamar yadda ƙwallon tankin ruwa yake tsayar da famfo. Idan kan allurar ya cinye, ko ƙwayar yashi ɗaya ta zauna a mazauninta, ko fulot ya huje ya sha fetur ya nutse, to ƙofar ba ta rufuwa, kuma idan an bar makullin tanki a buɗe da dare, fetur zai yi ta kwarara har gari ya waye. Masu ƙera kafireta sun yi tanadin wannan, domin sun sa wani siririn bututu a cikin kofin wanda yake fitar da rarar ta tiyo zuwa ƙasa, shi ne abin da bakanikai suke cewa babur yana obafulo. Amma idan wannan tiyon ya toshe da laka, ko wani ya ƙulle shi ko ya cusa masa ƙusa don ya daina ganin ɗigo, wanda kuwa ana yi sosai, sai fetur ya hau ya cika maƙogwaron kafireta, ya gangara ya wuce bawul ɗin shiga, ya sauka a kan fistin, ya zurara ta gefen ringi ya faɗa cikin baƙin mai.

Injin CG125 kusan lita ɗaya kawai yake ci na baƙin mai, saboda haka ko kofin shayi ɗaya na fetur ya isa ya sauya shi. Baƙin mai aikinsa shi ne ya zama shimfiɗa mai kauri tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Idan fetur ya tsinka shi, shimfiɗar sai ta yi sirara, boris da karanshaf (ƙarfen da fistin yake juyawa) da bangon silinda su fara cin juna. Man da ya tsinke kuma yana bi ta ƙofofin da mai kauri ba zai iya bi ba, wannan ya sa tsohon sil da ya shekara yana riƙewa sai ya fara jiƙewa. Sannan ga yawa: idan man ya haura alamar sama, karanshaf yana dukansa yana mai da shi kumfa, yana watsa shi inda ba a nufa ba. Wataƙila ka lura cewa bayan doguwar tafiya gejin yakan ɗan sauka, washegari da safe kuma ya hau. Dalili shi ne zafin inji yana ƙafar da wani ɓangare na fetur ɗin ya fita a matsayin tururi, dare kuma ya mayar da abin da rana ta kwashe.

Wannan ya kawo mu ga rabin matsalar na biyu, wanda nake zargin babu wanda ya duba maka shi, wato numfashin inji. Ƙasan inji, inda karanshaf yake juyawa kuma baƙin mai yake kwance, akwati ne rufaffe, kuma fistin ɗaya ne yake shiga yana fita a samansa. Duk lokacin da fistin ya sauko, yana matse iskar da ke cikin akwatin da gwargwadon girman silinda, wato siisii 124 a naka injin, idan ya hau kuma ya ja ta. Ko a silo, wato inji na aiki babur na tsaye, wannan yana faruwa kusan sau 1,400 a minti ɗaya. Ban da haka, babu ringin da yake rufewa ɗari bisa ɗari, ko da sabo ne, kullum akwai ɗan hayaƙin ƙuna da yake kuɓucewa ta gefensa ya gangara ƙasa. Don haka aka yi wa akwatin hanci, wato wata 'yar ƙofa a saman ƙasan inji, bayan silinda, wadda aka sa wa tiyo. A tsofaffin babura tiyon yakan lanƙwasa ya sauka ƙasa a buɗe, a na baya-bayan nan kuma yakan shiga akwatin matatar iska. Idan wannan hancin ya toshe, matsin da ke ciki ba shi da mafita sai ya nemi wurin da ya fi rauni: sil na wajen sarƙa, sil na kik, sil na sandar giya, gaskit na gindin silinda, ko bakin geji. Ka toshe ɗaya, ya koma na gaba da shi a rauni. Labarin gaskit biyu da sil ɗaya da ka ba ni ya yi kama da wannan ƙwarai. An yi ta kashe maciji ba a sare kansa ba.

To, yanzu bincike, kuma ina so ka bi shi daga mai arha zuwa mai tsada, domin mafi yawansa ba ya buƙatar komai sai idonka da hancinka. Da safe kafin a tayar da babur, ka kafa shi a kan babbar ƙafa a wuri mai daidai, ka zare geji ka goge, ka mayar da shi ka ɗora kawai ba tare da ka murɗa ba, domin haka ake auna na wannan injin, sannan ka duba. Ka shinshina. Tsohon baƙin mai yana da warinsa na ƙuna, amma warin fetur ba ya ɓuya. Ka shafa ɗigo tsakanin yatsu biyu: lafiyayye yana da danƙo yana jan zare kaɗan, wanda ya tsinke kuwa kamar kananzir yake. Ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda, ka ɗiga na sabon mai a gefensa, ka bar su na ɗan lokaci. Wanda ke da fetur zai bazu da sauri ya yi faffaɗan zobe mai haske a kewaye. Kada kowa ya ce maka a gwada da ashana. Idan kuma ka ga man ya yi fari-fari kamar shayi mai madara, to ruwa ma ya shiga, kuma hanyarsa sau da yawa ita ce wannan tiyon numfashi, lokacin ratsa kududdufi da damina ko wanki da ruwa mai ƙarfi.

Daga nan sai makullin tanki. Ka juya shi zuwa OFF, ka zare tiyon daga jikin kafireta, ka sa bakinsa a cikin kwalba, ka bar shi awa ɗaya a inuwa. Bayan ɗigon farko na abin da ya rage a tiyo, bai kamata a sami komai ba. Idan kwalbar ta tara, robar da ke cikin makullin ta mutu, kuma ko kana rufewa kullum ba ka rufe komai ba. Sabon makulli ba shi da tsada. Ka kuma bi tiyon da yatsa daga sama har ƙasa, ka lanƙwasa shi ka gani ko ya bushe ya tsattsage, musamman a bakunansa biyu. Idan za a canza, a sa tiyon da aka yi domin fetur, domin farin tiyon ruwa da wasu ke sawa yakan ƙandare cikin 'yan watanni ya saki baki.

A kan kafireta nake so ka tsaya da kanka a gaban bakanike. A kwance kofin, a duba gindinsa: jan gari alamar tsatsar tanki ne, yashi da ɗigon ruwa kuma alamar irin fetur ɗin da ake sha. A zare allurar a duba kanta da kyau a cikin haske. Idan akwai zobe da ya cinye a jikin robar, ta gama aiki, kuma wanki ba zai dawo da ita ba. A danna ɗan tsinken da ke bayanta a ga ko sifirin ɗinsa yana dawowa. A girgiza fulot kusa da kunne. Idan an ji motsin ruwa a ciki, ya huje. Wanda ake shakka a kansa a nutsa shi cikin ruwan zafi, iskar da ke cikinsa za ta faɗaɗa ta fito da kumfa ta wurin hujin. A hura bututun obafulo da tiyonsa a tabbatar a buɗe suke, a kuma duba ko bututun ya tsage daga gindi, domin wanda ya tsage yakan zubar da fetur ko da allura lafiyarta ƙalau. Gwaji na ƙarshe kafin a mayar da kofin shi ne a buɗe makullin tanki, a ɗaga fulot da yatsa a hankali: fetur ya tsaya cak. Idan yana ci gaba da tsattsafowa, ba a gama ba, ko da an ce maka zai zauna da kansa.

Yana da kyau ka san abin da ya kashe allurar, don kada sabuwar ta bi sahunta. Tankin da ya shekara talatin ko fiye, wanda kuma ake yawan bari da ɗan fetur a gindi, yana tara raɓa a ciki ya yi tsatsa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane ƙalilan ne suke iya cika tanki. Wanda ke aiki a ƙauye kuma dole wata rana ya sha a wurin 'yan bumburutu, daga galan da mazurarin da ƙura ta sauka a kansu. Ko na gidan mai ma ba kullum yake da tsabta ba. Ba a manta da fetur mai yawan sinadarin methanol da ya shigo Najeriya a farkon shekarar 2022 ya lalata injuna da dama ba, kuma irin wannan sinadari yana cin roba. Maganin da ke hannunka shi ne a sauke tankin a wanke shi, a duba 'yar ragar da ke kan makulli, a kuma sa ƙaramar matatar fetur mai gani-har-hanji a tsakiyar tiyo. Ka duba murfin tanki ma, yana da ɗan huji na shan iska. Idan ya toshe, tankin da ya sha rana yakan kumbura da tururi ya tura fetur da ƙarfin da allura ba za ta iya tarewa ba. Alamarsa ita ce ka ji huci idan ka buɗe murfin.

Sai tiyon numfashi. Ka zare shi gaba ɗaya daga jikin inji, ka goge bakinsa ka hura. Iska ta wuce ba tare da wata turjiya ba. Ka bi hanyarsa ka gani ko ya naɗe, ko an matse shi tsakanin inji da firam lokacin wani gyara na baya, ko an ɗaure shi da waya. Abin da na fi samu a irin wannan tiyo a ƙasarmu abu uku ne: laka da ta bushe tun damina, ƙurar hunturu da ta haɗu da tururin mai ta zama kamar kwalta, da kuma gidan zanzaro. Wannan na ƙarshe mutane kan yi mamakinsa, amma zanzaro yana son duk wani siririn rami mai duhu, kuma babur ɗin malamin makaranta da ya yi dogon hutu a jingine a zaure ya ishe shi ya gina ɗakinsa na laka a bakin tiyo ya toshe shi ruf. Ka tuna ko yoyon ya fara ne bayan dawowa daga hutu. A zura waya mai laushi a share ƙofar da ke jikin injin ita ma. Idan naka tiyon yana shiga akwatin matatar iska ne, a buɗe akwatin. Soson da ya jiƙe sharkaf da baƙin mai yana shaƙe inji, ya sa shi shan fetur fiye da kima, ya ƙara baƙin hayaƙi.

Bayan an gyara waɗannan, a juye tsohon man gaba ɗaya, a wanke ragar mai da ke bayan babban murfin juyewa, a zuba sabo mai kyau, irin 20W-50 da aka saba da shi a zafinmu, daidai alama ba tare da ƙari ba. Ina ba da shawarar a sake juye wannan ma bayan tafiyar 'yan kwanaki, domin ya kwashe ragowar fetur da ya maƙale a lunguna. Sannan a wanke jikin injin tas da sabulu, a bar shi ya bushe, a barbaɗa masa hoda ko garin alli a wuraren da ake zargi, a yi 'yar tafiya a dawo a duba. Mai yana gangarowa ƙasa kuma iska tana kai shi baya, saboda haka wurin da ya fi tsayi kuma ya fi gaba a cikin wuraren da suka jiƙe shi ne tushen yoyon. Sau da yawa za a tarar rabin abin da ake kira yoyo ya tsaya da kansa, wani kuma man sarƙa ne kawai da yake fantsama.

Sai a wannan mataki ne maganar fistin da ringi take da wurin zama, kuma a nan dole in yi wa bakanikenka adalci, domin mai yiwuwa ne yana da rabin gaskiya. Fetur da ya yi watanni yana wanke bangon silinda yana cinye ringi, ringin da ya cinye kuma yana sakin hayaƙi mai yawa zuwa ƙasa, har ya fi ƙarfin tiyon numfashi ko da a buɗe yake. Amma wannan abu ne da ake aunawa. Ka tayar da inji ya yi zafi, ka kara tafin hannunka a bakin tiyon numfashi. Bugun iska mai fita da komawa, kamar numfashin wanda ya yi gudu, shi ne daidai ga inji mai silinda ɗaya, kada ya tsorata ka. Abin damuwa shi ne iska mai fita kawai da ƙarfi, da hayaƙi mai kauri, da feshin mai da ke jiƙa hannu, wanda ke ƙaruwa idan an murɗa totur. Ka dubi salansa: baƙin hayaƙi na yawan fetur ne, mai shuɗi-shuɗi na baƙin mai ne. Shuɗin da ke fitowa a tashin farko kawai ya ɗauke ya fi nuna wajen bawul, wanda ke biye da kai duk tafiya kuma ya fi nuna ringi. Fulogi ma yana ba da shaida: baƙin gari busasshe kamar na gindin tukunya fetur ne, baƙi mai maiƙo mai ne, ruwan ƙasa kuma lafiya.

Hukunci na ƙarshe na ma'aunin matsi ne, wanda ake ɗaurawa a ramin fulogi. Ba kowane bakaniken babur ne yake da shi ba, amma ana samu a wurin masu gyaran mota a manyan garuruwa, kuma ya cancanci tafiyar. A fara saita bawul, domin bawul da ya matse yana rage matsi ya sa a zargi ringi a banza. Inji da zafinsa, totur a buɗe gaba ɗaya, a buga kik har allurar ma'auni ta daina hawa. Lafiyayyen inji irin wannan yakan kai wajen PSI 150 a jikin ma'aunin ko fiye, wanda ya faɗi ƙasa da 100 kuwa ya gaji. Idan ya yi ƙasa, a zuba cokalin shayi ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa: idan ya hau sosai, ringi ne, domin man ya toshe giɓin na ɗan lokaci, idan bai motsa ba, bawul ne ko gaskit na kai, wanda aikinsa ya fi sauƙi. Kada a yi wannan awo ranar da aka gyara kafireta, a bari a yi tafiyar kwana biyu ko uku da sabon mai, domin silindar da fetur ya wanke takan nuna matsi ƙasa da gaskiyarta. Ko da ringin ne, a wannan injin ana cire kai da silinda ba tare da an tsaga ƙasan inji ba, kuma idan bangon ya cinye ana bora shi a sa fistin na gaba, domin ana yin su mataki-mataki, 0.25 da 0.50 da 0.75 har 1.00 na milimita. Wannan aikin sama ne, bai kai abin da ake nufi da sauke inji gaba ɗaya ba.

Gargaɗi ɗaya a tsakani. Idan wata safiya ka taka kik ka ji ya ƙi sauka kamar an sa masa dutse, kada ka hau shi da ƙarfi, kada kuma ka sa yara su tura. Fetur ne ya taru a kan fistin, ruwa kuwa ba ya matsuwa kamar iska, kuma ƙarfin da za ka sa zai iya lanƙwasa kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf. Ka kashe makullin kunna babur, ka cire fulogi, ka nisantar da hularsa daga ramin, ka taka kik a hankali a fili har ya fesar da abin da ke ciki. Ga masu karatu da ke da babur mai cin mai haɗe da fetur, irin su tsohuwar Vespa da Yamaha V80 da Suzuki AX100, bayanin numfashin nan bai shafi ƙasan injinsu ba, domin nasu a rufe yake da gangan, ta cikinsa fetur da iska suke bi. Abin dubawa a wurinsu shi ne sil biyu na karanshaf. Maganar allura da makullin tanki kuwa ta shafi kowa.

Game da bakanikenka, ban ga dalilin ɓata da shi ba. Gaskit da ya jiƙe abu ne da ido ke gani, kuma mai babur da ke sauri yakan matsa a yi abin da ake gani. Ka je masa da safe kafin wurin ya cika, ku gaisa, ka ce masa: "Maigida, na lura man nan ƙaruwa yake yi kuma yana warin fetur, ina so mu duba allura da tiyon numfashi tukuna kafin mu taɓa inji." Ka miƙa masa gejin ya shinshina da kansa. Bakanike na ƙwarai zai gane nan take, wataƙila ma ya riga ka ƙarasa maganar. Idan ya ƙi dubawa ya nace sai an sauke inji, ka yi masa godiya ka nemi wani ya gani, wannan haƙƙinka ne. Wajen sayen allura da fulot kuma ka tafi da tsofaffin a hannu a gwada tsayi da kauri, domin kafiretocin da ke kan irin wannan babur sun sha bamban, kuma allurar da ta gaza da kaɗan ba za ta rufe ba.

Maganar sayarwa ba zan yanke maka ita ba, kai ka san nauyin da ke kanka. Abin da zan ce shi ne kada ka yanke ta yanzu, kafin ka san ainihin ciwon. Babur mai yoyo da hayaƙi kuɗin gwangwan za a taya shi, wanda ya saya kuma zai iya tayar da shi da kuɗin allura da lita biyu na mai. Idan kuma ka sayar ba ka faɗi aibinsa ba, ka ɗauki alhaki. An ƙera CG125 tun tsakiyar shekarun 1970 domin ƙasashe irin namu, inda hanya ke da ƙura kuma sabis ba ya zuwa a kan kari, kayan gyaransa kuma suna ko'ina, saboda an yi ta kwaikwayon injinsa a babura masu yawa da ke kasuwa. Na ga irinsa da aka fid da rai da su sun koma hanya.

Bayan gyara, duk inda ka tsaya fiye da 'yan mintuna ka mayar da makullin mai OFF, a makaranta da masallaci da gida, har hannunka ya saba yi ba tare da ka tuna ba. A makon farko ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin kowane dare, ka duba geji kowace safiya a wuri ɗaya kafin ka tayar, ka rubuta inda man ya tsaya. Idan kwana bakwai suka wuce bai hau ba kuma kwalin a bushe yake, sai ka mayar da babur ɗin zaure, amma a ɓangaren da ya fi nisa da inda ake hura wuta. Ka rubuto mini abin da aka tarar a cikin tiyon, da abin da ma'aunin matsi ya nuna.